KWALEKWALEN DA YA GIRMI DUNIYA

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka rarraba mu makarantu don gwajin koyarwa, ni an tura ni wata firamare a bakin gari, aka ba ni aji shida. Ran nan ina ba su labarin kwalekwalen Dufuna, wanda wani Bafillace makiyayi ya tarar binne a ƙasa yana cikin haƙa rijiya a shekarar 1987, a inda ya ke Jihar Yobe yanzu. Na ce musu masana sun auna iccen, sun ce ya kai shekara 8,000. Ban rufe baki ba sai wani yaro a layin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, ai yayana ya nuna mini wani majigi a wayarsa, wani Bature ya ce duniya duka shekararta 6,000. To, yaya aka yi kwalekwale ya girmi duniya?" Aji ya fashe da dariya. Ni kuwa na yi tsuru-tsuru, na ce mu bari sai gobe, don ba ni da amsar da zan ba shi nan take wadda ba za ta zama ƙarya ko cin fuska ba.

Da na bincika sai na tarar majigin daga Amurka ya fito, kuma galibin littattafai da majigai masu wannan magana daga can su ke fitowa. Wannan shi ya sa ni tunani. Kirista suna ko'ina a duniya, littafin da su ke karantawa kuwa ɗaya ne. Me ya sa a Amurka ne wannan ra'ayi ya yi saiwa haka? Abin da na gani, 'yan'uwana ɗalibai, shi ne yadda al'umma ta ke kallon tarihin kanta yana da hannu ƙwarai a cikin yadda ta ke kallon shekarun duniya. Bari in kawo muku dalilaina, ku auna da kanku.

Mu fara da inda lissafin ya fito. Ba a rubuta shekara 6,000 a ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki ba. Mutane ne suka zauna suka tara shekarun kakanni da aka jera a Littafin Farawa, wane ya haifi wane yana da shekara kaza, suka haɗa da shekarun sarakuna, suka fitar da jimla. Wanda lissafinsa ya fi shahara shi ne James Ussher, babban limamin coci a ƙasar Ailan. A shekarar 1650 ya buga littafi ya ce an halicci duniya a shekara ta 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, a daren da ya wayi 23 ga Oktoba. Kada ku yi masa dariya, malami ne na gaske, ya yi aiki da abin da ke hannunsa a zamaninsa. Daga shekarar 1701 aka shiga buga lissafinsa a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, har mutane da yawa suka zaci shi ma nassi ne. Amma waɗansu sun yi irin wannan lissafi sun sami wata jimla dabam. Kalandar Yahudawa ta fara daga 3761 kafin haihuwar Annabi Isa, ta tsohuwar cocin Girka kuwa daga 5509. Kun ga tazarar ta fi shekara 1,700.

Tun a zamanin Ussher tarihin wata al'umma ya fara yi wa lissafin nan tirjiya. Wani limamin Katolika mai suna Martino Martini ya zauna a ƙasar Sin, ya karanta littattafansu na tarihi. A shekarar 1658 ya buga abin da ya samu, ya nuna Sinawa suna fara jerin sarakunansu daga 2952 kafin haihuwar Annabi Isa. To, ga lissafin Ussher ruwan Tufana na zamanin Annabi Nuhu ya auku wajen 2349. Watau ke nan sarakunan Sin suna kan gado tun shekara 600 kafin ruwan, kuma jerinsu bai yanke ba. Limaman Katolika da ke aiki a can sun ga ba yadda za su ce wa Basine mai ilmi ya yar da tarihin kakanninsa, sai suka riƙa aiki da lissafin fassarar Girka, wanda ya fi tsawo. A yau masana ba su ɗauki sarakunan nan na farko a matsayin tabbataccen tarihi ba, amma abin lura shi ne al'ummar da ta ke jin ta tsufa ta tilasta aka faɗaɗa lissafi. Haka kuma Masar. Babbar dalar Giza an gina ta wajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa, tana nan tsaye har gobe.

Yanzu mu duba Ingila, inda aka fi buga lissafin Ussher. Mutumin Ingila yana zaune ne a kan kufan waɗanda suka riga shi. In ya yi huɗa a gona ya kan tono kuɗin Rumawa. In ya bi hanya ya kan ga garun da suka gina, gaba kaɗan ya ga duwatsun Stonehenge da aka kakkafa shekara fiye da 4,000 da suka wuce, ba wanda ya rubuta sunan masu kafa su. Ya saba da cewa ƙarƙashin kowane tsohon abu akwai wanda ya fi shi tsufa. Saboda haka da masu nazarin duwatsu irin su James Hutton a 1788 da Charles Lyell a 1830 suka ce duwatsu suna nuna zamani mai tsawo ƙwarai, maganar ba ta zo masa a baƙuwa ba. Da yawa daga cikin masu wannan nazari ma limaman coci ne. Adam Sedgwick na Jami'ar Kambirij limami ne, ya daɗe yana cewa tsakuwa da yashin da ke shimfiɗe a ƙasarsu ragowar ruwan Tufana ne, amma a 1831 ya tashi gaban 'yan'uwansa masana ya ce ya yi kuskure, bai kuwa bar addininsa ba. A 1859 waɗansu masana biyu na Ingila suka je kwarin kogin Som a Faransa, suka ga gatura na dutse kwance tare da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare tuntuni. Da Charles Darwin ya mutu a 1882, a babban cocin Westminster aka binne shi, inda a ke naɗa sarakunansu.

To, sai Amurka. Ita tarihin da a ke koya wa yaranta yana da ranar haihuwa. Turawan Ingila sun kafa garinsu na farko mai ɗorewa a 1607, waɗansu suka sauka a 1620, aka shelanta 'yancin kai ran 4 ga Yuli, 1776. A ganina wannan ya haifar musu da halaye uku.

Na ɗaya, wanda ƙasarsa ba ta wuce shekara 250 ba, in an ce masa shekara 6,000 sai ya ji ai zamani ne mai nisan gaske. Kuma ya saba da cewa kowane babban abu yana da rana da wata da shekarar da aka fara shi, da sunayen waɗanda suka fara shi. In ƙasa tana da takardar haihuwa, me zai hana duniya ta samu?

Na biyu, ƙasa ce da aka gina a kan rubutacciyar takarda. Tsarin mulkinsu an rubuta shi a 1787, har yanzu kuwa in gardama ta tashi sai a koma a duba abin da takardar ta ce, waɗansu alƙalansu ma su ce ba a fassara ta sai yadda masu rubuta ta suka nufa. Sun kori sarki, ba su da cocin gwamnati, ba su yarda wani babba ya tsaya tsakaninsu da rubutu ba. Manomi ya kan buɗe Littafinsa ya ce, "Ga shi an rubuta kwana shida, ni ma na iya karatu, wane ne zai gaya mini wata ma'ana?" Wannan hali yana da kyaunsa, don shi ya sa ba su jin tsoron manya. Amma shi ne kuma ya sa su kan ɗauki maganar masana kamar ta masu son mulkar su.

Na uku shi ne ya fi muhimmanci a gare mu. Turawan da suka ƙaura can sun baro kufan kakanninsu a ƙetaren teku. Da suka nemi tsohon tarihin da za su jingina da shi, sai suka ɗauki na Bani Isra'ila ya zama nasu. Sun ga kansu kamar mutanen da suka tsere wa Fir'auna suka haye teku zuwa ƙasar alkawari. Suka sa wa garuruwansu sunaye irin su Salem da Baitalami da Kan'ana. A 1776, da a ke shawarar hatimin ƙasa, Benjamin Franklin ya kawo shawara a zana Annabi Musa a bakin teku, ruwa yana cinye Fir'auna. Ba a karɓa ba, amma ya nuna muku inda zuciyarsu ta ke. Mutumin da jerin kakannin Littafin Farawa ya zame masa shi ne tarihinsa na dā, in ka taɓa lissafin nan, ji ya ke ka taɓa asalinsa.

Kada ku zaci ƙasar ba ta da tsohon tarihi. Tana da shi, na mutanen da Turawa suka tarar ne, watau waɗanda a ke kira Jajayen Indiyawa. Kusa da birnin St. Louis na yanzu akwai kufan wani gari da a ke kira Cahokia, wanda wajen shekarar 1100 mutanensa sun kai 10,000 ko fiye, da manyan tuddai na ƙasa da suka tara da hannu. Amma Turawa da yawa na ƙarni na 19 suka ƙi yarda kakannin Indiyawa ne suka yi wannan aiki. Suka ce wata al'umma ce dabam da ta ɓace, waɗansu har suka ce ɓatattun kabilun Bani Isra'ila ne. Maganar ta yi musu daɗi, gama a lokacin ne a ke korar Indiyawa daga ƙasarsu bisa dokar 1830. Sai a 1894 wani masani mai suna Cyrus Thomas ya fitar da rahoton da ya tabbatar aikin kakannin Indiyawa ne. A 1927 kuma, a wani wuri mai suna Folsom, aka tono tsinin māshi na dutse tsakanin haƙarƙarin wani irin ɓauna da ya ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Hujja tana ƙarƙashin ƙafarsu, amma da ya ke ba ta kakanninsu ba ce, ba ta shiga zuciyarsu yadda Stonehenge ya shiga ta mutumin Ingila ba.

Abin mamaki kuma, ra'ayin nan a yadda ya ke yau sabo ne. A 1925 aka yi wata shari'a a garin Dayton na jihar Tenesi, aka ci wani malamin makaranta mai suna John Scopes tarar dala 100 don ya koyar da ra'ayin Darwin. Mafi shahara cikin lauyoyin masu ƙara shi ne William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugaban ƙasa sau uku. Shi kansa da aka tambaye shi a gaban jama'a, ya yarda kwanakin halitta shida suna iya zama zamunna masu tsawo. Watau ko jagoran masu tsananin riƙo na wancan lokaci bai tsaya a kan shekara 6,000 ba. Sai a 1961 waɗansu mutum biyu, John Whitcomb malamin addini da Henry Morris injiniyan ruwa, suka buga littafi suka ce ruwan Tufana ne ya shimfiɗa kusan dukan duwatsun da ke ɗauke da ƙasusuwan dabbobin dā, cikin shekara guda. Littafin ya fito daidai lokacin da gwamnatin tarayya ta ke zuba kuɗi a gyara littattafan kimiyya na makarantu, bayan Rasha ta riga su harba tauraron ɗan'adam a 1957. Iyaye da yawa suka ji ana yi musu shisshigi a tarbiyyar 'ya'yansu, suka rungumi littafin.

Daga nan abin ya bunƙasa. Kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ya fara tambayar Amurkawa a 1982, ya tarar 44 cikin 100 sun ce Allah ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekara 10,000 da suka wuce. A 2024 adadin ya sauko zuwa 37 cikin 100. A 2007 aka buɗe wani gidan kallo na wannan ra'ayi a jihar Kentaki, a 2016 kuma aka gina kwatancin jirgin Annabi Nuhu mai tsawon ƙafa 510 a wannan jiha. Jagoran aikin, Ken Ham, mutumin Ostareliya ne, tsohon malamin makaranta. Ku lura, Ostareliya ita ma ƙasa ce da Turawa suka fara lissafin tarihinta daga saukarsu a 1788, alhali mutanen da suka tarar sun yi aƙalla shekara 50,000 a wurin.

Na san wani zai ce, "Malam, ka cika baki. Ai Koriya ta Kudu tsohuwar ƙasa ce, su da kansu suna kai asalinsu zuwa 2333 kafin haihuwar Annabi Isa, amma tun 1981 suna da ƙungiya mai ƙarfi ta masu wannan ra'ayi." Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai ra'ayin daga Amurka ya je musu, ta hanyar coci-coci da malaman da ke da dangantaka da can. Wani kuma zai ce, ai wanda ya auna shekarun duniya a 1956 ya samu miliyan 4,550, watau Clair Patterson, shi ma Ba'amurke ne, kuma Amurkawa masu addini da yawa ba su yarda da shekara 6,000 ba. Wannan ma haka ne. Akwai kuma waɗansu dalilai da ba na tarihi ba, kamar yadda kowace gunduma a can ta ke da ikon faɗa a ji a kan makarantunta, da yadda coci-coci su ke gasar neman mabiya. Saboda haka ban ce tarihin ƙasa shi kaɗai ya haifi ra'ayin ba. Iri daga Turai aka kawo shi, amma a can ya sami ƙasar da ta karɓe shi, ya yi yabanya, har yanzu a ke fitar da shi waje. Koriya kuwa ta koya mana cewa tsufan ƙasa ba ya kare ta, in mutanenta suka karɓi kaya ba su duba ba.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Mu ma an taɓa ce mana ba mu da tarihi. A 1963 wani babban malamin tarihi na Jami'ar Okisfod, Hugh Trevor-Roper, ya ce Afirka ba ta da wani tarihi sai na Turawan da suka shigo ta. Abin da ya ƙaryata irin wannan magana shi ne abin da aka tono daga ƙasarmu. A 1928 masu haƙar kuza suka fara samun gumakan yumɓu kusa da ƙauyen Nok, daga baya Bernard Fagg ya tattara su, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Bincike ya nuna mutanen Nok sun fara zama a wurin wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. A 1965 aka tono ƙasusuwan mutum a kogon Iwo Eleru kusa da Akure, waɗanda aka auna suka kai wajen shekara 13,000. Ga kuma kwalekwalen Dufuna, mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda masana na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fitar a 1994. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka duka. In muka karɓi shekara 6,000, dole mu ce mutumin Iwo Eleru bai taɓa rayuwa a lokacin da aka ce ba, masassaƙin Dufuna ma haka. Mu da muka sha wahala kafin a yarda muna da tarihi, sai kuma mu sa wuƙa mu yanke shi da hannunmu don gardamar waɗansu? Kayan aro ba ya rufe katara.

To, me ya kamata malami ya yi in yaro ya yi masa irin tambayar da aka yi mini? Da fari kada ya yi wa yaron dariya, kada kuma ya zagi wanda ya gaya masa, don watakila uba ne ko limami ko fasto. Na biyu, ya raba masa abu biyu da aka cakuɗa. Imani da cewa Allah ne ya halicci duniya abu ne guda, Musulmi da Kirista duk sun haɗu a kansa. Lissafin Ussher kuwa aikin mutum ne, an yi shi a 1650, yana iya zama daidai yana iya zama kuskure kamar kowane lissafi. Alƙur'ani mai girma bai ba da adadin shekarun duniya ba, manyan coci-coci da yawa kuma, har da na Katolika da na Angilika, ba su ɗora wa mabiyansu shekara 6,000 ba.

Na uku, ya nuna masa yadda a ke awon, kada ya ce kawai "masana sun ce." Kowane icce yana shaƙar wani irin sinadarin gawayi daga iska muddin yana da rai. Ran da aka sare shi ya daina, abin da ke jikinsa kuwa ya shiga raguwa, rabi ya kan tafi cikin kowace shekara 5,730. In aka auna abin da ya saura sai a san yaushe aka sare shi. An gwada wannan awo da zoben da ke cikin kututturen itatuwa, waɗanda a ke ƙirgawa ɗaya-ɗaya shekara-shekara, aka gyara shi da su. Awon ba ya wuce wajen shekara 50,000, shi ya sa shekarun duniya kanta da wani ma'auni dabam a ke auna su, na ƙarfen yuraniyom da ke rikiɗa ya zama darma a hankali. Yaron aji shida yana iya fahimtar wannan in aka kwatanta masa da randa mai yoyo.

Kashegari da na koma aji, abin da na yi ke nan. Na zana randar a allo, muka yi lissafin tare. Yaron ya yi shiru, can ya ce, "Malam, ashe mutanen Yobe sun daɗe." Na ce masa sun daɗe ƙwarai, mu ma duka haka.

Shawarata ga hukumar wannan kwaleji ita ce a riƙa kai ɗalibai gidan tarihi na Jos ko wanda ya fi kusa, ko da sau ɗaya ne kafin su gama, don gani ya kori ji. Mu kuma da za mu fita mu riƙe alli, mu san tarihin ƙasarmu tun daga tushe, mu koya wa yara shi. Yaron da ya san zurfin ƙasar da ya ke takawa, in an kawo masa magana daga waje zai tsaya ya auna ta kafin ya karɓa. Allah ya ba mu ikon faɗa wa yara gaskiya cikin ladabi, amin.